Girkin da ba a rubuta ba: tarihin tara dabarun dahuwa a ƙasar Adar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana tara littattafan girki, kamar yadda muke yi tun muna ɗalibai, ya san fasalinsu: jerin kayan haɗi, awo da giram, lokaci da minti, sannan umurni bi da bi. Amma in ya juyo ga Madawa, Buza da Keita, zai tarar ilimin dahuwarsu a warwatse yake cikin ƙamusoshi da littattafan tarihi, mafi yawansa kuma yana bakin mata. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun waɗannan guntaye, mu ga abin da suka riƙe da abin da suka bari ya zube.

2. Abin da magabata suka tara

Waɗanda suka fara rubuta kalmomin cimakar Hausawa da boko masu nazarin harshe ne. Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyaka tsakanin kogin Kwara da tabkin Cadi daga 1906 zuwa 1909, ya buga nahawu da tatsuniyoyin Hausa tare da Tilho a 1909. Ƙamus na Bargery (1934) da na Abraham (1949) cike suke da sunayen tuwo, miya da ganyaye. Game da Adar kanta, a 1975 jerin Études Nigériennes ya fito da littafin Jibo Hamani kan tarihin ƙasar kafin mulkin mallaka, da na Nicole Échard kan manomanta. A 1991 Bernard Caron ya bayyana karin harshen yankin cikin Le haoussa de l'Ader.

Ba don girki aka yi waɗannan ayyuka ba, saboda haka tsarinsu ya wargaza shi. Ƙamus yakan ajiye hura ƙarƙashin harafi ɗaya, surfe ƙarƙashin wani, kirɓi ƙarƙashin wani. Alhali girki jerin aikatau ne: a surfa hatsi, a wanke, a daka, a tankaɗe, a cura, a dafa, a kirɓa a turmi, a dama da nono. In aka ɓata jerin, ba hura. Haka nan ma'aunin mai dahuwa shi ne tiya, ƙwarya da ludayi, agogonta kuwa ido da hanci ne.

3. Girkin yunwa

Giɓin ya fi zama abin damuwa game da cimakar lokacin fari. Yankin ya sha yunwa a 1913-1914, wadda Hausawa suka kira Kakalaba, da 1931-1932, da 1973-1974, da 1984-1985. Bureima Alfa Gado ya yi nazarin waɗannan masifu cikin Une histoire des famines au Sahel (1993). In rumbu ya ƙare, mutane kan koma ga ganyen jiga da tafasa, da tsabar ƙarangiya, da ƴaƴan anza (Boscia senegalensis).

Anza ita ce babban misali. Ƙwayarta tana da ɗaci ƙwarai, ba ta ciyuwa sai an shanya ta, an ɓare, an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa, sannan a dafa. Wanda ya san sunan amma bai san wannan aiki ba, bai tsira da komai ba. A 2005, da ƙarancin abinci ya sake afka wa jihar Tawa, iyalai da yawa sun koma ga anza, kuma abin da uwaye suka koya daga kakanni ne ya yi amfani.

4. Sauyin da ya biyo baya

Daga 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO, ya riƙa biyan ma'aikata da abincin hukumar PAM, kuma galibinsu mata ne. Cimakar waje ta shiga tukunya ta wannan hanya, kamar yadda shinkafa, taliya da dunƙulen Maggi suka shigo ta kasuwa. A fadamar Tarka ta Madawa kuwa, albasa ta zama abin neman kuɗi, ana kuma daka ganyenta a shanya a yi gabu don miya. Yarinyar da ta tashi cikin wannan zamani ba lalle ne ta ga yadda ake jiƙa anza ba.

5. Kammalawa

Shawararmu ga ɗaliban da ke zuwa bincike ita ce su ɗauki girki a matsayin matani, daidai da tatsuniya ko kirari. A naɗi muryar mai dahuwa tana cikin aiki. A rubuta da karin Adar, hura da tahwasa, kada a mayar da shi Kananci. A auna tiyar kowace kasuwa da kilo, a sa fassarar Faransanci a gefe. A kuma fara da tsofaffin da suka ciyar da gida a 1973 da 1984, domin kullum raguwa suke yi.