Ɗaliban Samaru da Kongo: shuka ce aka yi da gangan

Duk inda aka tashi hirar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jero sunaye ake farawa: shugaban ƙasa ɗaya, mataimakan shugaban ƙasa biyu, alƙalan alƙalai, gwamnoni da ministoci barkatai. Jerin gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai yadda ake karanto shi yakan sa mai sauraro ya ɗauka sa'a ce kawai ta tara haziƙai a gari ɗaya. Ni a ganina, wanda ya bi tarihin a tsanake zai tarar cewa an shirya fitowar mutanen nan tun daga tushe, an kashe kuɗi a kansu, an kuma san gurbin da ake so su cike.

A tuna halin da Arewa take ciki gab da samun 'yanci. Kwalejin jami'a ɗaya ce tak a Nijeriya, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, kuma 'yan Arewa da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1955 yankin ya samu lauyansa na farko, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori. Turawa na shirin tafiya, kujerunsu na jiran masu hawa, ga shi babu mutane. Da kwamitin Ashby ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, gwamnatin Sardauna ba ta tsaya sai ta yi sabon gini daga fako ba. Ta harhaɗa abin da ke ƙasa: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, cibiyar koyon mulki ta Kongo, tashar binciken noma ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Abdullahi Bayero a Kano. Ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe da ɗalibai 426, ƙarƙashin Norman Alexander. Ko daga waɗannan sassa mutum zai gane abin da ake nema: ma'aikacin gwamnati, alƙali, injiniya, malamin gona da likitan dabbobi.

Buɗe jami'a bai warware matsalar ba, domin makarantun sakandaren Arewa ba su fitar da isassun yaran da suka cika sharuɗɗan shiga. A zamanin Ishaya Audu, likitan yara ɗan Anchau wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fage, wadda kowa ya sani da SBS. Yaro ya gama sakandare a Katsina ko Yola ko Bida, a ɗauke shi a gyara masa lissafi da kimiyya da Turanci, sannan ya wuce ajin digiri, gwamnatin jiharsa na biyan kuɗin abinci da littattafai. Yanzu a duba shekarun da manyan sunayen suka kammala. Mahmud Mohammed, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, 1970. Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, 1975, shekara ɗaya da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tijjani Muhammad Bande 1979, Nasir El-Rufa'i 1980, Sanusi Lamido Sanusi da Muhammad Sanusi Barkindo 1981, Nuhu Ribadu 1983. Kusan duka a cikin shekara goma sha biyar suka fito, wato daidai lokacin da wancan tsari ke kan ganiyarsa. Wannan curewa a zango ɗaya ita ce babbar hujjata.

Wani zai ce riƙe muƙami ai ba shi ne cim ma wani abu ba, kuma yana da gaskiya. To mu bar kujera mu dubi aiki. 'Yar'aduwa, wanda ya karanta ilimin sinadarai, ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a a 2007, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi na da aibi, ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Muhammad Lawal Uwais, shi ma wanda ya bi ta Kongo. Afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta kwantar da wutar da ta kusa tsayar da haƙar mai. Ribadu ya gurfanar da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Tafa Balogun, a 2005, abin da a da ko a mafarki ba a kawowa. Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya cikin Agustan 2009 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Muhammad Ali Pate, likitan da ya fito daga Zariya, shi ya jawo sarakuna cikin yaƙin shan inna lokacin da iyaye ke rufe ƙofa ga masu rigakafi, aikin da ya taimaka har aka wanke Nijeriya daga cutar a 2020. Ana iya yin saɓani da kowannensu a siyasa, kuma cikin tsofaffin ɗaliban akwai waɗanda suka ci amanar da aka ba su. Amma waɗannan ayyuka sun faru, an kuma ga tasirinsu.

Waɗanda suka fi burge ni ma ba su cika shiga jerin ba. Andrew Jonathan Nok ya yi digirinsa na farko har zuwa na uku a Samaru, ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa mutum ciwon barci, mai sa saniya sammore. Duk makiyayi ya san kamanninta: saniya ta rame, gashi ya tashi, cikin fatar ido ya yi fari fat don jini ya ƙare. Nok ya bi sawun sinadarin da ƙwayar ke fitarwa tana kankare rigar ƙwayoyin jini har jiki ya riƙa hallaka su da kansa, ya gano ƙwayar gadon da ke sarrafa shi. Wannan ya ba shi babbar kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. A fagen tarihi, Yusufu Bala Usman ya rubuta kundin digirinsa na uku kan sauyin da Katsina ta shiga daga 1796 zuwa 1903, ya nuna cewa ba a fahimtar tarihinmu ta hanyar rarraba mutane zuwa ƙabilu kamar yadda Turawa suka yi. Manomin da ke shuka masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, da matar da ke kiwon kajin Shika Brown, suna cin gajiyar wannan jami'a ko da ba su taɓa taka Samaru ba.

Akwai kuma masu cewa rabon gurabe tsakanin jihohi ne ya ɗaga su, ba ƙwazo ba. Rabon gurabe yakan buɗe ƙofa, wannan babu musu. Amma ƙasashen OPEC da suka ba Barkindo sakatare janar daga 2016 zuwa 2022 ba su san da wani kason Arewa ba, kuma a hannunsa aka ƙulla yarjejeniya da Rasha da sauran masu mai a Disambar 2016. Haka ƙasashen da suka zaɓi Bande ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Sannan jami'ar ba ta taɓa zama ta Hausawa kaɗai ba. Audu Ogbeh daga Binuwai, Jerry Gana daga ƙasar Nupe, Donald Duke daga Kalaba da mai zane Gani Odutokun duk a nan suka yi karatu, kuma gogayya da irinsu ce ta wasa ɗan Kano da ɗan Sakkwato.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: in jami'ar ta fitar da irin waɗannan, me ya sa Arewa ke sahun baya a ilimi da arziki har yau? Amsar tana cikin tsarin kansa. An gina shi don cike gibi a sama, ya kuma cike, amma firamare da sakandaren da ke ƙasa ba su samu irin wannan kulawa ba. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, malaman ƙasashen waje suka tattara, na gida da dama suka bi su, tallafin ɗalibi ya zama abin da bai isa kuɗin mota ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin wannan ya faru ne a lokacin da waɗanda aka ciyar kyauta a Samaru da Kongo suka fara riƙe madafun iko. A 2022 jami'o'in tarayya sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Laifin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne, amma ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, da ministar kuɗi, Zainab Ahmed, dukansu a Zariya suka karanta aikin akanta.