Ɗanɗanon Taba Ba Tare da Ganyen Taba ba: Tarihin Sinadaran Ƙamshi na Ruwan Sigarin Lantarki

1. Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce taba, ganye yake nufi, wato wanda ake shukawa a shanya, a daka da kanwa a sa a baki, ko a shaƙa, ko a cusa a lofe. Har furenta ma mata sun daɗe suna goge haƙora da shi tare da goro. Amma tun ƙarshen shekarun 2000 aka sami wani kaya a kasuwannin Turai da Amurka, ƴan ƙananan kwalabe da aka rubuta wa sunan taba, alhali mafi yawansu babu ko ɗigon ruwan ganyen a ciki. Waɗannan su ne tatattun sinadaran ƙamshi da masu shan sigarin lantarki suke saye don su haɗa ruwan na'urarsu da kansu a gida. Misalinsu kamar ɗanyen turare ne da mai turare yake tsarmawa kafin ya sayar: ba a amfani da shi tsura, sai an sirka. Wannan takarda za ta bi sawun yadda aka yi ɗanɗanon taba ya rabu da ganyen taba, har ya zama abin da hukumomi suke zama su yanke wa iyaka.

2. Ganyen da aka daɗe ana yi wa ado

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne, ɗanɗanon da mashaya suka sani da sunan taba, aikin hannun ɗan Adam ne tun kafin a san lantarki. Ɗanyen ganyen taba ba shi da wani ƙamshin kirki. Sai an busar da shi an ajiye, sinadaran launi da ke cikinsa su ruguje, sannan ƙamshi ya fito. Hanyar busarwar kuwa ita ke raba taba da taba. A shekara ta 1839, a jihar Karolina ta Arewa, wani bawa mai suna Stephen, da ke aiki a gonar Abisha Slade, ya ƙara wutar rumbun busarwa da gawayi bayan ta kusa mutuwa, sai ganyen ya fito rawaya. Daga nan aka bunƙasa tabar Bajiniya mai haske, wadda zafin gaggawa yake tsare mata sukarinta. Tabar Burley, wadda aka gano irinta mai fari a jihar Ohayo a 1864, iska ce ke busar da ita, saboda haka kusan ba ta da sukari, amma tana tsotse duk abin da aka jiƙa ta da shi kamar soso. Ita kuwa Latakiya ta ƙasar Sham a kan hayaƙin itace ake turara ta.

Zancen jiƙa taba da zaƙi yana da wani babi mai ɗaci da ya shafi Afirka ta Yamma. A ƙarni na 17 da na 18, dokar Fotugal ta hana a kai tabar Bahiya ta ƙasar Burazil mai daraja ta uku zuwa Lizbon. Sai ƴan kasuwa suka riƙa shafe ta da kakkauran ruwan rake, ɗan'uwan mazarƙwaila, don kada ta bushe ko ta ruɓe, suna kawo ta gaɓar Wida, a Jamhuriyar Benin ta yanzu. Wannan zaƙin ya sa ta fi kowace taba karɓuwa a gaɓar, kuma da ita aka sayi bayi masu ɗimbin yawa. Kayan da aka raina a Turai ke nan, ɗan zaƙi ya mai da shi kuɗin sayen mutane.

Kamfanonin sigari sun gaji wannan dabara suka faɗaɗa ta. Sigarin Camel, da kamfanin R. J. Reynolds ya fitar a 1913, gauraye ne na Bajiniya da Burley da tabar Turkiyya, kuma irin wannan haɗi, wanda ake jiƙa Burley ɗinsa da sukari da koko da saiwar likoris, shi ya zama abin koyi a ƙasashe da yawa. A 1994 manyan kamfanonin Amurka suka bayyana jerin sinadarai 599 da suke ƙara wa sigari. Ashe mutumin da ya ce shi tabar gargajiya tsantsa yake so, sau da yawa koko da sukari yake bege bai sani ba.

3. Na'urar da ba ta ƙona kome

Tunanin shan taba ba tare da wuta ba ya girmi intanet. Herbert Gilbert, wani Ba'amurke na jihar Fensilbaniya, ya nemi rajistar irin wannan na'ura a 1963, aka ba shi a 1965, amma ba ta shiga kasuwa ba. Wanda ya yi nasara shi ne Hon Lik, masanin haɗa magunguna daga birnin Shenyang na ƙasar Sin, mashayin taba ne shi kansa, kuma ciwon daji na huhu ne ya kashe mahaifinsa. Ya yi rajistar ƙirarsa a 2003, aka fara sayarwa a Sin a 2004 da sunan Ruyan, wato "kamar hayaƙi". Zuwa 2006 da 2007 na'urar ta isa Turai da Amurka.

A nan ne matsalar ɗanɗano ta taso. Ruwan na'urar abu uku ne a gindinsa: firofilin gilikol, da gilisarin, da nikotin. Na farko kusan ba shi da ɗanɗano, na biyu ɗan zaƙi gare shi, na uku kuwa kartar maƙogwaro kawai yake yi. Abin da mashayi ya saba ji a bakinsa ya fito ne daga ƙonewar ganye da takarda, ita kuwa wannan na'ura tururi take bayarwa, ba hayaƙi ba. Dole ke nan a ƙirƙiro ɗanɗanon daga waje. Mafi shahara cikin na farko-farko shi ne wanda ake kira RY4, sunan da aka yanko daga Ruyan da lamba ta huɗu. Taba ce a suna, amma abin da harshe ya fi ji shi ne karamel da banila. Duk da haka ya karɓu, har kusan kowane kamfanin ƙamshi ya fitar da nasa samfurin.

4. Masu haɗi a gida

Tun daga wajen 2009 wasu mashaya suka ga cewa ruwan da ake sayar musu da tsada abu ne da za su iya haɗawa da sirinji da ƙaramin sikeli. Suka koma ga kamfanonin da ke yi wa masu alewa da biskit da turare sinadarai, irin su The Perfumer's Apprentice da Capella a Amurka, da FlavourArt a Italiya, da Inawera a Folan. Ana zuba tataccen ƙamshin kaɗan, daga kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari zuwa wajen kashi 15 ko 20, gwargwadon ƙarfinsa. Masu haɗin sun lura cewa na ƴaƴan itace kan nuna cikin kwana kaɗan, amma na taba sai an ajiye kwalbar makonni a wuri mai duhu kafin ya daidaita.

Hanya biyu aka bi wajen samar da ɗanɗanon taba. Ta farko ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje, inda ake harhaɗa sinadarai ɗai-ɗai: damasenon da megastigmatiriyenon, waɗanda ake samu a busasshen ganye na gaskiya, da dangin firazin masu ƙamshin gasasshiyar gyaɗa, da gwayakol mai ƙaurin itace, da etil maltol mai zaƙin ƙonannen sukari. Ta biyu ita ce a jiƙa ganyen na ainihi cikin firofilin gilikol ko alkol na tsawon makonni, a tace. Wannan ta fi kusa da ƙamshin buhun taba, amma tana da illa biyu. Sukari da ƙaron ganyen suna daskarewa a kan wayar da ke ɗumama ruwan su lalata ta da wuri, sannan jiƙon yana iya janyo wasu daga cikin gubobin ganyen da aka gudo dominsu tun farko. Ko ta wace hanya aka bi, tsofaffin mashaya sun sha faɗin cewa ba a kamo ɗanɗanon sigarin da ke ci da wuta ba, kuma da wuya a kamo, tunda toka da kwalta ne ginshiƙinsa.

Babban abin dubawa shi ne, an tantance waɗannan sinadarai ne don ciki, ba don huhu ba. Ƙungiyar masu sarrafa sinadaran ƙamshi ta Amurka da kanta ta yi gargaɗin cewa shaidar amincin da take bayarwa ta ci ce, ba ta shaƙa ba. Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan haka: a shekara ta 2000 aka gano ma'aikata takwas na wata masana'antar gugguru a garin Jasper na jihar Misuri da mummunan ciwon toshewar huhu, aka danganta shi da shaƙar dayasetil, sinadarin da ke ba da ƙamshin man shanu. A 2015 masu bincike na Jami'ar Harvard suka sami wannan sinadari a cikin 39 daga ire-iren ruwa 51 da suka gwada. Adalci ne a ambata cewa hayaƙin sigari ma yana ɗauke da shi. Haka kuma annobar huhu da ta kwantar da mutane 2,807 ta kashe 68 a Amurka tsakanin 2019 da Fabrairun 2020, bincike ya fi ɗora ta a kan wani mai dangin bitamin E da aka sirka ruwan wiwi da shi, ba a kan ƙamshin taba ba. Amma ta nuna abin da kan faru idan aka zuba wa huhu abin da ba a gwada ba.

5. Da doka ta shigo

Dokar Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2016, ta ƙayyade nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, kwalbar ruwa mai nikotin kuma kada ta wuce mililita 10. Tataccen ƙamshi ba shi da nikotin, saboda haka wannan iyaka ba ta hau kansa ba. Sakamakon ya zo a baibai: maimakon haɗin gida ya ragu, sai ya ƙaru, domin an koma sayar da ƙamshi daban, nikotin daban, mai saye ya gauraya. A Faransa kuma har kalmar ta shiga uku, abin da zai ba ɗalibin harshe sha'awa. Masu sayarwa da yawa sun daina rubuta sunan taba a kwalabensu don gudun laifin tallata ta, suka maye gurbinsa da kalmar Classic.

Da damuwa ta yi yawa game da yara da matasa masu bin ɗanɗanon mangwaro da alewa, sai hukumomi suka juya ga ɗanɗanon taba a matsayin wanda za a bari. Finlan ta yi haka tun 2016. A farkon 2020 Amurka ta hana ƴan tankunan da ake sayarwa a cike in ba na taba ko mentol ba ne. Ƙasar Sin, inda aka haifi na'urar, ta hana duk wani ɗanɗano ban da na taba a kasuwarta ta cikin gida daga 1 ga Oktoban 2022, ko da yake ba ta hana masana'antun Shenzhen yin sauran don fitarwa waje ba.

Sai dai in an ce taba kaɗai, wace taba? Ta RY4 mai karamel, ko ta Latakiya mai ƙauri? Ƙasar Holan ce ta fi kowa ɗaukar wannan tambaya da gaske. Cibiyarta ta lafiyar jama'a, RIVM, ta binciki ruwan da ake sayarwa da sunan taba, ta tarar da sinadaran ƙamshi 503 a cikinsu. Ta yi ta tankaɗe, ta fitar da waɗanda ba a cika amfani da su ba, da masu zaƙi, da masu haɗari, har aka rage 16 kacal, kuma su kaɗai aka yarda a sayar daga 1 ga Janairun 2024. Banila ba ta tsira ba. A cikin waɗanda aka zubar har da jiƙon tsirrai guda 13, saboda abin da ke cikin jiƙo yana sauyawa daga wannan girbi zuwa wancan, ba a iya ƙayyade shi a takarda. Ta haka ruwan da aka tato daga ganye ya rasa gurbi a jerin abubuwan da dokar Holan ta amince su ba da ɗanɗanon taba.