Wa Zai Biya Kuɗin Jakara? Adalcin Karo-karo Tsakanin Ƙananan Hukumomin Kano

Hukuncin da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya yi maganin wani tsohon zalunci, ko da yake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Shekara da shekaru gwamnoni sun fake da asusun haɗin gwiwa da ke cikin sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, suna zaftare kuɗi da sunan ayyukan haɗin gwiwa. Amma akwai ayyukan da lalle sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Hujjar wannan maƙala ita ce: muddin ba a kafa ƙa'idar da za a bi wajen karo-karon irin waɗannan ayyuka ba, cin gashin kai zai bar mai rauni da kayan mai ƙarfi.

Birnin Kano gari ɗaya ne a kasuwanci, amma a mulki ya rabu takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kogin Jakara bai san da wannan rabuwa ba. Yana kwaso dattin cikin gari, ya ratsa Fagge ya ɗauki jini da tumbin mayanka, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya juye a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa da rani ya ga ruwan baƙi ƙirin, kumfa na yawo a kansa, ga mai lambu ya jefa mesa yana ba latas da alayyafo ruwa. Washegari ganyen nan yana kan faranti a kasuwar 'Yankaba. Harajin shaguna da kuɗin mayanka sun shiga asusun wasu, gubar kuma ta sauka a gonar wasu. Idan za a gina matatar da za ta tace ruwan, babu adalci a ce Minjibir ta ba da abin da Fagge ko Nassarawa za su bayar.

Wani misalin shi ne kasuwar hatsi ta Dawanau: a ƙasar Dawakin Tofa take, kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota a kan ƙananan hukumomi. Sai dai tirelolin riɗi da zoborodo da wake ta titunan maƙwabta suke bi, manyan dillalai da yawa a cikin birni suke kwana, manoman da ke kawo kaya kuma daga ko'ina suke. A nan riba da ɗawainiya duk sun tsallake iyaka.

Hanya mafi sauƙi, wadda 'yan siyasa suka fi so don ba ta jawo gardama, ita ce a raba kuɗin aiki daidai wa daida. Rauninta a fili yake: naira miliyan ɗaya a hannun hukumar da ke da kasuwanni da kantuna ba ɗaya take da miliyan ɗaya a hannun wadda ba ta da abin dogaro sai kason Abuja ba. Rabo bisa yawan jama'a ya ɗan fi, amma ƙidayar ƙarshe tun 2006 aka yi ta, alhali unguwannin Ungogo da Kumbotso sun tumbatsa tun daga lokacin. A ganina, ma'auni na farko shi ne amfani: wanda aikin zai fi ƙara wa kuɗin shiga shi zai fi zubawa. Sai a daidaita wannan da ƙarfin aljihun kowa. Abin da aka fi mantawa shi ne na ukun, wato a rage wa wanda ya ba da ƙasarsa ko ya haƙura da illa, kamar mai masaukin juji ko madatsar ruwa. Ƙasar da manomi ya rasa ita ma gudummawa ce, sai dai ba a rubuta ta a takardar kasafi.

Wannan ba mafarki ba ne. A jihar Minnesota ta Amurka, dokar 1971 ta sa garuruwan yankin Minneapolis da Saint Paul suna zuba kashi 40 cikin 100 na ƙarin da aka samu a darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu a tukunya ɗaya, a sake rabawa ta yadda mai ƙaramin ƙarfi zai fi samu. Manufar ita ce masana'anta ta zauna inda ya fi dacewa da ita, maƙwabta kuma su daina kokawa a kanta.

Za a iya cewa wannan karo-karo ƙofar baya ce da gwamnoni za su bi su dawo da asusun haɗin gwiwa. Tsoron yana da tushe, domin an sha gani. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da alƙalami. Karo-karon da nake nufi na aiki ɗaya ne takamaimai, majalisar kansilolin kowace hukuma ta amince da shi a rubuce, a bayyana wa jama'a ma'aunin rabon kafin a fitar da ko kwabo, jiha kuma ta zuba nata kason a matsayin abokiyar tarayya. Tsarin mulki ma ya riga ya share fage, domin sashe na 7 ya wajabta wa ƙananan hukumomi shiga tsara tattalin arzikin yankinsu, ya kuma ce majalisar jiha ta kafa hukumar tsara tattalin arziki ta hanyar doka.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta yi dokar da za ta fayyace wannan ma'auni, ga masana tattalin arziki na Jami'ar Bayero kuma su auna wa ke amfana, wa ke cutuwa. A fara da Jakara.