Sai Masu Gida: Kafuwar Kano Pillars da Sha'anin Riƙonta

Duk wanda ya daɗe a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya kuma sa ido a kan samarin da ke buga ƙwallo da la'asar sakaliya, ya san yadda ƙungiyoyinmu na gari suke rayuwa da yadda suke mutuwa. Wani alhaji mai abin hannu ya ɗauki nauyin riguna da takalma da kuɗin mota, ƙungiya ta yi tashe shekara biyu ko uku, sa'an nan ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko ya gaji, ko Allah ya karɓi abinsa, sai ƴan wasa su watse kamar ba a taɓa tara su ba. Waɗanda suka ɗore a ƙasarmu galibinsu na hukuma ne, na soja da duwan da ƴan sanda da jandarma da kamfanin lantarki, dukansu a Yamai. Shi ya sa nasarar da Jangorzo ta Maraɗi ta samu a gasar ƙasa a 1983, da wadda Espoir ta Damagaram ta samu a 1984, suka zama abin ba da labari. To, da yake maƙwabtanmu na Kano sun riga mu neman maganin wannan cuta, ya kamata mu duba abin da suka yi, da inda maganin ya yi aiki, da inda ya gaza.

Kano ba baƙuwar tamaula ba ce, domin tun zamanin Turawa tawagarta ta ɗauki Kofin Gwamna a 1953, kuma a 1978 Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan fataken gyaɗa, ta zama zakarar Nijeriya baki ɗaya. Amma ita ma ba ta tsira daga ƙaddarar ƙungiyoyin da ke jingine da bango guda ba, ta dusashe. Saboda haka, lokacin da aka buɗe gasar ƙwararru a Nijeriya a 1990, aka kuma ga cewa babu wata ƙungiya a birnin da za ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai, sai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, da abokan shawararsa, suka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: ta WRECA, wato hukumar ruwa da gina madatsai ta jihar, da Golden Stars, da ta Bank of the North. Aka raɗa wa jaririyar suna Kano Pillars, gwamnatin jiha ta zama uwa ta zama uba.

Hikimar wannan tadbiri ta bayyana daga baya, domin shi kansa bankin da ya ba da kaso ɗaya cikin ukun ya narke cikin Unity Bank a 2006, da kuwa ƙungiyar tasa ce shi kaɗai da ta bi shi. Baitulmalin jiha ba ya mutuwa kamar yadda attajiri ke mutuwa, kuma a ƙarƙashin inuwarsa ƙungiyar ta yi ƙarfi har ta ci gasar ƙasa a 2008 a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo ta yi abin da ya girgiza Afirka, yayin da ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun nahiyar, bayan kunnen doki ɗaya da ɗaya a Kano da biyu da biyu a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda ƴar gida, Heartland ta Owerri, ta tare mata hanya. Daga nan sai kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A zamanin nan ne filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba, har aka shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan lago. A cikin wannan shekara kuma ƴan fashi suka buɗe wa motar ƴan wasan wuta a hanyar Lokoja suna tafiya Owerri, suka raunata biyar daga cikinsu, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Sai dai a nan ne nake ganin aibin ginin, kuma malaman fiƙihu sun ba mu ma'aunin gane shi tun da daɗewa, inda suka bambanta sadaka da waƙafi. Sadaka ana ci ta ƙare, gobe a koma ƙofar mai bayarwa. Waƙafi kuwa asalin dukiya ake tsarewa, gona ko rumfa ko gida, a naɗa masa wakili amintacce da sharuɗɗa rubutattu, amfaninsa ya yi ta gudana ko bayan ran wanda ya bayar. Abin da Kano Pillars ta samu daga gwamnati sadaka ce mai yawa, wadda ake sabuntawa kowace shekara, ba ta taɓa zama waƙafi ba. Filin da take wasa na jiha ne, albashin ƴan wasa daga jiha yake fitowa, shugabanninta gwamna ke naɗawa kuma shi ke saukewa, ta yadda wanda aka ɗora bai san ko zai ga ƙarshen kaka ba, balle ya yi tunanin yaron da zai fara horarwa yau don ya amfane shi bayan shekara bakwai. Mai riƙon ƙwarya ba ya dasa giginya. Su kuwa dubban mutanen da ke cika fili suna kirarin "Sai masu gida", waɗanda a haƙiƙa su ne ruhin ƙungiyar, ba su da kujera a majalisar shawara, ba a karanta musu lissafin shiga da fita, ba su da ƙuri'ar zaɓen kowa. Ba ina ba wa ɓarna uzuri ba ne, amma na lura mutumin da ba shi da wurin faɗin ra'ayinsa da baki ya fi saurin faɗinsa da dutse.

Shekarun baya sun nuna haka. A 2018 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, tana gaba da ci uku, Enugu Rangers ta rama duka ta kuma doke ta a bugun fanareti. Ta share hawaye a 2019 a Kaduna, inda ta ɗauki kofin a kan Niger Tornadoes. Da annobar korona ta zo a 2020, mai fili ya buƙaci filinsa, aka mai da shi wurin killace marasa lafiya, masu gida suka koma ƴan haya a Kaduna. Ranar da suka dawo, cikin Afrilun 2022, a wasansu da Katsina United, ƴan kallo suka yamutsa wuri suka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta zabge wa ƙungiyar maki uku ta kuma tura ta Abuja. Kafin kakar ta ƙare aka sake yanke mata wasu makin saboda cin zarafin alƙalin wasa, kuma a ƙarshe zakarar ƙasa sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu.

Ta dawo rukuni na farko a 2023. A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajanta, shi da ya ci mata ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, wanda kuma a lokacin naɗin yana cikin masu sa rigarta a fili. Mutum ne da jama'a ke ƙauna, ya kuma ga yadda ake tafiyar da ƙungiyoyi a Rasha da Ingila da Turkiyya, amma takardar naɗinsa daga teburin da ta magabatansa ta fito ita ma ta fito. Wata uku bayan haka, cikin Oktoba, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, ƴan kallo suka tsallako fili suka far wa alƙalai da baƙi. Aka sake zabge maki uku, aka rufe Ƙofar Mata, aka umurci masu gida su je su riƙa karɓar baƙinsu a Katsina.