Tarihin fim ɗinmu bai fara daga kaset ba



Duk lokacin da aka yi bikin waiwaye a kan finafinan Hausa, labarin da za ku ji ɗaya ne: an fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, sai Sangaya ya zo ya buɗe kasuwa, sai sunan Kannywood ya bi. Wannan gaskiya ne, amma tarihin kaset ne kawai.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka akwai mabiya ɗarikar Mormon, waɗanda cibiyarsu take jihar Utah, su ma suna da finafinansu da suke yi wa junansu a kan addininsu da zamansu. Masu waiwaye sukan ɗauko labarin daga God's Army na Richard Dutcher, wanda ya fito a 2000, aka kashe masa kamar dala 300,000 ya kawo sama da miliyan 2. To amma da manazarci Randy Astle ya bi diddigi a 2007, sai ya raba tarihin gida biyar, wannan fim kuwa farkon kashi na biyar ne. Tun 1922 Turawan Ingila sun yi fim mai suna Trapped by the Mormons don ɓata musu suna. Wato wasu sun riga su ba da labarinsu, kuma ba yadda suke so ba.

Mu ma kafin kaset akwai majigi, motar gwamnati da ke zagaya garuruwa tana haska farin ƙyalle da dare, inda iyayenmu suka san Baban Larai. Bayan majigi kuma akwai Shehu Umar, wanda mu mutanen jihar Bauchi muka fi kowa haƙƙi a kansa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin yana malamin makaranta, ya shigar da shi gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun.

Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo shekaru da yawa. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Mun gode musu, domin da ba su yi ba, da tsatsa da zafi sun cinye shi. Sai dai abin da ya fi jan hankalin mai kallo a can shi ne fim da ya ɓace aka samo, da cinikin bayi ta hamada.

Bahaushen da ke zaune a Sabon Ibadan ko Agege zai ga wani abu daban. Zai ga yaron da aka raba da garinsu, ya tashi a hannun Balarabe, karatun Alƙur'ani ya ba shi daraja a baƙon wuri. Zai ga uwa da ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta, ta gan shi, sannan ta cika. Shehun kuma a Rauta ta ƙasar Bauchi ya zauna yana karantarwa, bai koma Kagara inda aka haife shi ba. Wane ne a cikinmu bai san wannan ba?

Kuma duniyar ayari da fatake da fim ɗin ya nuna, ƙasarmu ta san ta. Katagum da Malam Zaki ya kafa tana kan hanyar Borno zuwa Kano, ta nan Bature Clapperton ya bi a 1824, tun kafin a mai da fadar sarki Azare a 1916.

Don haka, jama'a, idan ƙungiyoyinmu na 'yan asalin Katagum za su yi taron Sallah, a nemi wannan fim a nuna wa yaran da aka haifa a Kudu. A zaunar da dattawan da suka ga majigi da idonsu, a ɗauki maganarsu tun suna raye. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma tarihin da ba ka adana ba, wani ne zai zaɓa maka inda zai fara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.