Hakin da Ka Raina: Tarihin Man Bindigar M16

Maƙasudin wannan 'yar takarda tawa shi ne in nuna wa mai karatu yadda ɗigon mai, abin da ba a ɗauke shi a bakin kome ba, ya shiga tarihin yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam.

Bindigar da zan yi magana a kanta asalinta AR-15 ce, wadda ta samo tushe daga ƙirar Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite. A 1959 kamfanin Colt ya sayi izinin ƙera ta, sojan Amurka kuma suka raɗa mata suna M16. Irin wadda ake sayar wa farar hula harsashi ɗaya take fitarwa duk jan kunama, amma cikinsu kusan ɗaya ne.

To, yaya take aiki? A cikinta akwai sakata mai kulle harsashi, da kuma wani ƙarfe da ke ɗauke da ita, wanda zan kira maɗaukin sakata. In an harba, hayaƙin albarushi zai bi wani siririn bututu ya faɗa cikin maɗaukin, ya tura shi baya, ya fitar da kwanso, sa'an nan ya komo da sabon harsashi. Ashe ke nan duk harbi sai ya bar kunkunniya a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In babu mai, sai ta daskare.

A 1964 aka sauya irin albarushin da ake ɗura wa harsashinta. Sabon ya fi datti, ya kuma ƙara mata saurin harbi. Daga 1965 aka yi ta raba ta ga mayaƙa, da yawansu ba a ba su kayan sharewa ba, ba a kuma koya musu ba, domin magana ta bazu wai bindigar tana share kanta. Ga Biyetnam ƙasar ruwa da laima, tsatsa ba ta jira.

Abin ya fito fili a 1967, a faɗan duwatsun da ke kusa da Khe Sanh. Bindigogi suka riƙa cijewa, kwanso ya maƙale, sai an zura sanda ta baki an bugo shi, abokan gaba kuwa na harbi. An rasa rayuka a kan haka. Wasiƙun sojoji suka kai ga Majalisar Wakilai, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Richard Ichord, wanda rahotonsa na watan Oktoba na shekarar ya ɗora wa hukumar soja babban laifi.

Daga nan aka shiga gyara. Aka shafe mazaunin harsashi da ƙarfen kurom don hana tsatsa, aka raba buroshi da sandar sharewa da wani mai da ake kira LSA. A 1968 har ɗan littafi mai zane-zane aka buga, aikin Will Eisner, yana koya wa soja inda zai shafa man.

A ganina, darasin ya wuce bindiga. Waɗanda suka yanke shawara suna ofis, waɗanda suka biya da rayukansu suna daji. Hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.