Ƙaiƙayin Masussuka: Yadda Aka Gano Cutar da Jiki Ke Yi wa Kansa

Mu da muka tashi a Kebbe mun san kaka da abu biyu: sabon gero a rumbu, da atishawa a masussuka. Da zarar mata sun fara sheƙa, iskar hunturu ta kwashi ƙaiƙayi ta haɗa da ƙurar da take ɗaukowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai gida ɗaya ya kasu biyu. Wasu ko a jikinsu. Wasu kuwa ido ya yi ja, hanci na zuba, fata ta yi rudu-rudu, mai fuka ya kwana a zaune ƙirjinsa na kuka. Iska ɗaya aka shaƙa, to me ya sa take zaɓen mutane?

Kakanninmu sun ba kowace alama sunanta: mura, fuka, borin jini. Sun rufe hanci da amawali ko mayafi, sun shafa man kaɗanya inda fata ta tashi. Wanda ya raɗa sunan borin jini bai yi nisa da gaskiya ba, domin daga cikin jiki fitinar take tasowa. Amma sai da aka yi shekara dubu ana bin sawun wannan gaskiya.

Al-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya rubuta risala a kan murar da ke kama malami Abu Zaid al-Balkhi duk lokacin da furen wardi ya buɗe. A 1819 John Bostock ya bayyana wa likitocin Landan murar da ke kama shi kowace shekara lokacin zafi. A 1873 Charles Blackley na Manchester ya wallafa yadda ya karce fatarsa ya shafa ƙurar fure, irin bununin da muke gani a kan gero, wurin ya kumbura. Gwajin fata da ake yi a asibiti yau jikan wannan karce ne.

A 1902 Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka yi wa kare allurar dafin wata halittar teku, ya warke. Bayan 'yan makonni suka ƙara masa ɗan kaɗan, da zaton ya samu rigakafi, sai ya mutu cikin mintoci. Nan aka gane cewa garkuwar jiki na iya juyowa kan mai ita, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913. A 1906 kuma Clemens von Pirquet, likitan yara a Viyana, ya ƙirƙiro kalmar da muke cewa alaji. A 1910 Henry Dale ya nuna aikin histamin, sinadarin da jiki ke saki ya kawo kumburi da ƙaiƙayi, a 1937 Daniel Bovet ya buɗe hanyar magungunan da ke tare shi. Piriton da ke kowane kemis daga Tambuwal zuwa Kuchi daga wannan zuriya ya fito.

Mu ma muna da namu babi. Duk wanda ya yi zazzaɓi kafin 2005, shekarar da Najeriya ta sauke kulorakwin daga matsayin maganin farko na cizon sauro, yana tuna daren susa, tafin hannu da na ƙafa kamar an zuba barkono. An saba haɗa shi da Piriton, sau da yawa kuma ba ya ji. Daga baya bincike ya nuna kulorakwin jijiyoyin fata yake tsokana kai tsaye. Wato ba kowane ƙaiƙayi ne alaji ba.

Wannan bambancin shi ne abin da har yau muke tuntuɓe a kansa. Murar da ke dawowa duk hunturu, da ruwan hanci fari da ƙaiƙayin ido, babu zazzaɓi, ba ta jin kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, amma muna saye. Sauƙinta yana cikin takunkumi a masussuka, yayyafa ruwa kafin shara, shanya tabarma da katifa a rana, wanke fuska da hanci bayan aiki. Piriton yana sa barci, ɗan kabu-kabu ya nemi irin su loratadine. Mai fuka kada ya rabu da abin shaƙarsa na salbutamol. Dexamethasone da ake sha barkatai yana kumbura fuska, ya ta da sukari da hawan jini.

Akwai kuma wadda ba ta jira. In mutum ya ci gyaɗa, kifi ko ƙwai, ko zuma ta harbe shi, ko aka yi masa allurar fenisilin, sai leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, wannan abin da ya kashe karen Richet ne. Maganinsa allurar adrenalin a asibiti, cikin mintoci. Kada a tsaya jiƙa-jiƙa, a hau babur. In Allah Ya sa aka tsira, a rubuta sunan abin da ya jawo, a riƙa nuna wa duk wanda zai yi masa allura.